Yadda ake haɗa halawa a gida don cire gashin jiki

Duk wadda ta taɓa ɗora tukunyar halawa ta san inda gizo ke saƙar: a kan wuta ne. Kayan haɗin uku ne kacal, sukari da ruwan lemun tsami da ruwa, amma minti ɗaya da kika ƙara ko kika rage shi ke raba halawa mai danƙo da dutsen alewa. Don haka a nan zan fi daɗewa.

Ki auna farin sukari kofi 2, ruwan lemun tsami da aka tace rubu'in kofi, ruwa ma rubu'in kofi. Kada ki raina lemun tsamin. Tsaminsa ne ke farfasa sukarin idan ya ji zafi, ya hana shi komawa tsaki-tsaki bayan ya huce. Tukunya kuma ki zaɓi mai kaurin gindi da zurfi, domin haɗin yana tasowa da kumfa.

Zuba su duka, ki ɗora a matsakaiciyar wuta, kina juyawa har sukarin ya narke. Da ya fara tafasa sai ki rage wutar, ki tsaya a kansa. Ba lokacin amsa waya ba ne wannan. Da farko za ki gan shi fari kamar ruwa, sannan ya ɗauki rawaya-rawaya, kumfar ta ƙara kauri tana fashewa a hankali. Abin da kike jira shi ne kalar zuma. In kina da ma'aunin zafi na girki, wajen digiri 118 zuwa 120 ne a ma'aunin Salshiyos. In babu, ajiye ƙaramin kwano da ruwan sanyi a gefe, ki ɗiga kaɗan a ciki, ki ɗan jira, ki ɗauko da yatsa. Idan ya dunƙule, ya mulmulu, kika ja shi ya miƙe bai tsinke ba, to ya yi. Idan ya baje a ruwan, da saura. Idan ya yi ƙwas kamar gilashi, ya wuce. Ƙara masa cokali ɗaya ko biyu na ruwa a hankali, ki mayar wuta kaɗan. Ni dai na fi son in sauke da ɗan sauri, domin yana ci gaba da dahuwa da zafin tukunya ko bayan an sauke, kuma wanda bai ƙarasa ba ya fi sauƙin gyara a kan wanda ya ƙone.

Juye shi a mazubin da ke jure zafi, ki bar shi ya sha iska kamar rabin awa. Ina roƙonki kada ki sa hannu kafin nan. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma manne wa fata yake yi. In tsautsayi ya sa ya ɗiga miki, tara wurin a ruwan sanyi mai gudana na minti 20, ban da ƙanƙara.

Da ya huce har kina iya riƙe shi, ki ɗan jiƙa hannu, ki gutsuro kamar girman ƙwai, ki yi ta ja kina ninkewa. Za ki ga ya bar sheƙin nan nasa ya koma ruwan gwal mai haske, ya yi laushi. Gwada ɗuminsa a cikin tsintsiyar hannu tukuna.

Gashin da za a cire ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, kamar rabin santimita. In ya cika gajarta halawa ba za ta kama shi ba. Wanke wurin, ki tsane shi sarai, ki barbaɗa hoda kaɗan don ta shanye zufa. Ban da mai.

Ga inda da yawa ke kuskure. Ana shimfiɗa halawa ne ta kishiyar inda gashi ya kwanta, a danna da yatsu sau biyu ko uku don ta shiga har tushe, sannan a fizge ta bin kwanciyar gashin. Ɗaya hannun ya ja fatar ta miƙe, fizgar kuma ta bi jikin fata, ba sama ba, ta zama farat ɗaya. Jan hankali shi ke kawo zafi da ƙujewa. Fara da ƙwauri har hannunki ya faɗa, kafin ki je hammata, inda gashin ke kwanciya ta fuska fiye da ɗaya. Wuri ɗaya kada ya wuce sau biyu ko uku. Zafi kam akwai shi, musamman karon farko, sai dai gashin daga tushe yake fita, shi ya sa ake samun kamar mako uku ba a waiwayi reza ba.

Abin da ya rage a jiki ruwan ɗumi ke wanke shi. Na tsawon kwana ɗaya bayan nan ki guji turare, maganin warin hammata, ruwa mai zafi sosai, zafin rana da matsattsun kaya. Bayan kwana biyu ki riƙa cuɗa wurin a hankali, don kada sabon gashi ya tsiro a ƙarƙashin fata.

Kada a sa halawa a kan rauni, ƙuraje, tawadar Allah ko fatar da rana ta ƙona. Mai shan maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi, da mai shafa man da ke sa fata ta yi siriri, su haƙura, domin fatar na iya ɗayewa. Mai ciwon sukari ta fara jin ta bakin likita.

Halawar da kika yi aiki da ita ki zubar. Sauran ki rufe a kwalba mai murfi don kada ta ja danshi, ranar buƙata ki tsoma kwalbar a ruwan zafi har ta saki.