Babi na Bakwai: Taswirar Waya da Sauti a Lokacin Tuƙi

Darasi na 1: Mota tana tsaye

Zauna a mota, injin a kashe. Ɗauki wayarka, ka sa yatsa a can samanta ka jawo ƙasa. Za ka ga ƙananan alamomi a jere. Nemi wadda ta yi kama da ɗigon ruwa da aka kifa, mai rami a tsakiya. Ita ce lokeshin. Taɓa ta sau ɗaya ta yi haske. Kunna data, sannan ka buɗe Google Maps. Ka ga wani ɗigo shuɗi a kan taswirar? To, kai ne wannan. In ba ka gan shi ba, kada ka damu, ɗan jira kaɗan zai fito.

Darasi na 2: Faɗa wa waya inda za ka

A sama akwai dogon gurbi na rubutu, a gefensa akwai hoton makirufo. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna, ya taɓa makirufon ya faɗi sunan wurin a hankali. Babu kunya a wannan. Amma ka haɗa da sunan gari. Akwai Sabon Gari a Kano, akwai a Zariya. Tudun Wada kuwa akwai ta a Kaduna, akwai a Jos, akwai a Gusau. In ka ce "Tudun Wada" kawai, waya za ta zaɓa maka wadda ta ga dama.

Wurin ya fito? Taɓa inda aka rubuta Directions. Wani layi shuɗi zai miƙe daga inda kake zuwa inda za ka.

To, a nan ne kusan kowa yake tuntuɓe. Layin shuɗi ya fito, amma aiki bai ƙare ba. Duba ƙasa, akwai maɓalli da aka rubuta Start. Haruffa biyar ne, na farko S, mai lanƙwasa kamar maciji. Taɓa shi. Sai ka taɓa Start waya za ta buɗe baki ta yi magana. In ba ka taɓa ba, shiru za ka ji har ka wuce kwanarka.

Mu sake. Suna da gari. Directions. Layi shuɗi. Start. Ka ji murya? Madalla. Yanzu maƙala wayar a mazauninta kusa da sitiyari, sannan ka tayar da mota.

Fita daga taswirar, ka sake yi daga farko. Layi shuɗi ya fito, me ya rage? Start. Yi sau biyar yau, mota tana tsaye. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Na ga wani dattijo a ajinmu, mai adaidaita sahu, ya yi komai daidai, ya manta Start. Da ya ji shiru sai ya ciro wayar yana latsawa da babban yatsa, hannu ɗaya a kan tuƙi. Haba, Baba! Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Ka sunkuya daƙiƙa uku, ka yi mita 50 ido a rufe. Sau nawa zan faɗa? Mako uku ke nan ina nanata abu ɗaya, wasu har yanzu sai sun hau titi suke tunawa. In ka manta Start, ka faka a gefe ka taɓa. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna kama mai riƙe waya yana tuƙi, kuma tara ce mafi sauƙin abin da zai same ka.

Darasi na 3: Sauti

Muryar da Turanci take magana. Left hagu ne, right dama, roundabout shataletale. Ƙara sauti da maɓallin gefen waya kafin ka tashi. In motarka tana da Bluetooth ko wayar haɗi, jona, muryar za ta fito ta sifika. Mai son karatun Alƙur'ani, wa'azi ko waƙa, ya zaɓa tun yana tsaye. Sautin yakan lafa da kansa in taswira za ta yi magana. Kada ka toshe kunne biyu da iyafis, ba za ka ji ham ba. Kuma ka taɓa Start.

Darasi na 4: Launuka

Ja a kan layi cunkoso ne. Ruwan lemo, ana tafiya a hankali. In waya ta nuna maka hanyar da ka san ba ta da kyau ko ba a binta da dare, bi wadda ka sani.

Darasi na 5: Caji

Taswira tana shan batir. Riƙe caja a mota.

Aiki: Nemo hanya daga gidanku zuwa kasuwa. Ka zo da wayarka ranar Asabar.