Kalmar sirri mai ƙarfi wadda ba za ta shige muku duhu ba

A makonnin farko a ƙasar waje za ku buɗe asusu da yawa a jere: banki, imel na makaranta ko wurin aiki, asibiti, haraji, kamfanin wuta, layin waya. Gajiya ce ke sa mutum ya ɗora kalmar sirri ɗaya a kan dukkansu, kuma nan matsalar take. Idan aka yi wa wani ƙaramin shafin sayayya kutse, 'yan damfara na kwashe imel da kalmar sirrin da suka samu, su sa na'ura ta gwada su a bankuna da Gmail da Facebook. Ɗaya ta faɗi, sauran sun bi ta.

Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani. Kano1990! tana da babban harafi da lamba da alama, amma ba ta da ƙarfi, domin sunan gari da shekarar haihuwa su ake fara gwadawa, kuma suna nan a fasfo da takardun da kuke miƙa wa masu gidan haya. Hukumar tsaron intanet ta Ingila tana ba da shawarar haɗa kalmomi uku da ba su da alaƙa. Mu muna ganin huɗu sun fi, kuma kada su gaza haruffa 15.

Ga yadda ake yi. Ku buɗe littafin Hausa a shafi huɗu daban-daban, ku ɗora yatsa ba tare da dubawa ba, ku ɗauki sunan abu mafi kusa. A ce kun samu shaho, tukunya, gishiri, kwalekwale. Sai ku jera su: Shaho-tukunya-gishiri-kwalekwale7. Don ta zauna a kai, ku hango shaho ya sure tukunyar gishiri daga cikin kwalekwale. Ku buga ta sau biyar a ranar farko, sannan sau ɗaya kullum har mako. Wannan misalin kam kada ku ɗauke shi, tunda kowa ya gani. Karin magana, baitin waƙa ko aya ma ba su dace ba, duk abin da jama'a suka haddace ana iya cankarsa.

Ku guji ƙ da ɗ da ɓ. Wayarku na da su, amma kwamfutar ɗakin karatu ko ta ofis ba ta da su, wasu shafukan ma ba sa karɓa. Allon madannai kuma ya bambanta: a na Jamus y da z sun yi musayar wuri, a na Faransa a da q, alamar @ kuwa ba wuri ɗaya take a na Ingila da na Amurka ba. Idan aka ce kalmarku ba daidai ba ce, ku duba wannan kafin ku yi ta gwadawa har a rufe asusun.

Ba sai kun haddace kalmomin sirri talatin ba. Uku sun isa: ta imel, ta banki, da ta manhajar adana kalmomin sirri irin Bitwarden ko wadda ke cikin wayar Android da iPhone. Sauran, manhajar ta ƙirƙira ta riƙe muku. Ta imel ce uwa, domin ta can ake sake saita yawancin sauran. A Ingila, shiga asusun bizarku ta intanet ma yana buƙatar lambar da ake turowa ta imel ko waya.

Abin da ya fi kama sababbin zuwa shi ne layin gida. Asusunku na turo lambar tabbatarwa zuwa layin Najeriya ko Nijar, saƙon ya ƙi zuwa, ko layin ya daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya ba wani. Da zarar kun yi sabon layi, ku sauya lambar a imel da WhatsApp tun tsohon yana aiki. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba bayan kalmar sirri, da manhaja irin Google Authenticator, wadda ba ta buƙatar layi. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, na shiga asusu idan wayar ba ta hannu. Ku rubuta su a takarda, ku ajiye a gida wurin da kuke ajiye takardunku masu muhimmanci, ba cikin wayar ba.

Duk wanda ya kira ya ce daga banki ko ofishin shige da fice yake, ya nemi kalmar sirri ko lambar da aka turo muku, ku katse. Ku kira lambar da ke bayan katin bankinku da kanku.