Babi na 6: Daidaita Ƙarar Murya a Rifita

Darasi na 1

Rifita ita ce na'urar da ke karɓar magana daga rediyon oba-oba, ta sake cilla ta nesa. Da kunne ɗaya take ji, da baki ɗaya take faɗa. Aikinmu yau a bakin yake.

A rediyon FM, ƙarar murya ba ta ƙara nisan zango. Abin da murya ke yi shi ne ta sa sigina ya riƙa lilo hagu da dama. Faɗin lilon nan ake aunawa da kilohaz. Tasha mai faɗin kilohaz 25, iyakar lilonta 5 ne. Mai faɗin 12.5, iyakarta 2.5. In lilo ya wuce iyaka, murya za ta dinga tsinkewa, ta kuma shiga tashar maƙwabta. In ya yi kaɗan, sai an kasa kunne kafin a ji ka.

Darasi na 2

Cire wayar eriya. Haɗa bakin rifita, inda sigina ke fita, da eriyar gwaji mai om 50, wato domi-lod. Kada ka kunna rifita bakinta a sake, za ka iya ƙona ta.

A ciki akwai ƴan madaidaita biyu da ake juyawa da ƙaramin sukundireba. Ɗaya na iyaka, ɗaya na ƙara. Duba littafin na'urarka ka gane wanne ne wanne, ka manna musu takarda ka rubuta. Ba abin kunya ba ne, ni ma haka na fara.

Na iyaka ake fara saitawa. Ka sa na'urar gwaji, wato mai samar da sigina don gwada rediyo, ta aika wa kunnen rifita sautin haz 1000 da ƙarfi, ka buɗe na ƙara sosai, sannan ka juya na iyaka a hankali har mitar auna lilon da rifita ke fitarwa ta tsaya a 5, in tasharka mai 25 ce. Shi ke nan, ka gama da shi. Ɗauke hannunka.

Yanzu rage sautin gwaji zuwa lilon 3. Juya na ƙara, shi kaɗai, har mita ta nuna 3. Uku ta shiga, uku ta fita.

A nan kusan kowa ke tuntuɓe. Mutum ya ga mita ta nuna 4, sai hannunsa ya koma kan na iyaka. A'a! Na iyaka an gama da shi. Na ƙara za ka taɓa. In ka riga ka taɓa na iyaka, ba komai, koma farko: iyaka tukuna, sannan ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma fa na gaji da ganin masu juyawa da kunne, suna cewa "yanzu ta fi daɗi." Na sha faɗa, kunne ba mita ba ne. Wani ya murɗa har ƙarshe, ɗan madaidaicin ya karye a hannunsa. Kwata-kwata juyi kaɗan ake so, ido na kan mita. Iyaka tukuna, sannan ƙara. Faɗe shi da baki sau uku kafin ka ɗauki sukundireba.

Darasi na 3

A tasha mai 12.5, raba kowace lamba gida biyu: iyaka 2.5, gwaji 1.5. Matakan duk ɗaya ne.

Darasi na 4

In rifitarka na aika ƙaramin sautin CTCSS, wato sautin da ke tafiya ƙarƙashin murya don buɗe rediyon da aka saita masa, bar shi a kunne lokacin saita iyaka, domin shi ma yana cikin lissafin. Mayar da eriya, ka sa wani ya kira ka daga nesa.