Yadda Ake Kimanta Ƙarfin Kankare da Hoto da Kwamfuta Ba Tare da Fasa Gini Ba

Magina da injiniyoyin da ke aiki a Jidda da Makka sun san cewa ana tantance ƙarfin kankare ne bayan kwana 28 da zuba shi, ta hanyar matse samfurinsa a ɗakin gwaji har ya fashe. Idan ginin ya daɗe a tsaye kuma babu samfur, sai a koma ga hanyoyin da ba sa lalata ginshiƙi.

Da farko a kankare filasta da fenti daga wurin da za a gwada, a goge shi ya yi sumul, sannan a gano inda rodi yake a kauce masa. A ɗauki hotuna da kyamara ɗaya, daga tazara ɗaya, da hasken fitila maimakon na rana, domin zafin hasken Saudiyya yana sauya launin kankare tsakanin hantsi da la'asar, kuma manhajar kwamfutar da za ta kimanta ƙarfin kankaren daga hotunan ba ta iya bambance inuwa da ƙananan ramuka. A ajiye rula a gefen kowane hoto. Abin da manhajar ta koya daga dubban hotuna shi ne dangantakar ƙarfin kankare da yawan ramukan iska, tsagewa, da yadda tsakuwa ta haɗu da siminti.

Hoto fuskar kankare kaɗai yake gani, shi ya sa a ganina bai kamata a dogara da shi kaɗai ba. A haɗa da gudumar Schmidt, na'urar da ke bugun fuskar kankare ta ba da maki gwargwadon yadda bugun ya dawo baya, wadda injiniyan Suwizalan Ernst Schmidt ya ƙirƙiro a 1948: a buga sau 10 a wuri ɗaya, a watsar da sakamakon da ya kauce wa matsakaici da fiye da maki 6. Sannan a auna gudun sautin da kunne ba ya ji cikin ginshiƙin. Gudun da ya wuce kilomita 3.5 a daƙiƙa yana nuna kankare mai kyau. Danshi yana ƙara gudun sautin amma yana rage makin guduma, saboda haka a rubuta yanayin wurin.

Mataki mafi muhimmanci shi ne daidaitawa. Manhajar da aka horar da kankaren wata ƙasa ba ta san tsakuwar nan ba, ba ta kuma san ɓarnar da gishirin Bahar Maliya ke yi wa tsofaffin gine-ginen Jidda ba. A huda ginin a wurare kaɗan, a ciro samfur a matse, a gyara hasashen kwamfutar da wannan sakamako, sannan injiniya mai lasisi ya kwatanta shi da ƙa'idar ginin Saudiyya, SBC 304, kafin a ƙara bene ko a yi gyara.