Yadda Ake Gano Sanadin Matsala Kafin a Ƙirƙiro Sabon Kaya

Duk mai son ƙirƙiro kayan da za su amfani jama'a dole ne ya iya bambance abin da ido ke gani da abin da ya haddasa shi. Buhun adana wake mai toshe iska da ake kira PICS, wanda ake sayarwa a kasuwannin Najeriya da Nijar, misali ne da za a iya bi daki-daki.

Da farko, a rubuta matsalar kamar yadda mai ita yake faɗinta, ba tare da an cusa mata mafita ba. Kukan manomi shi ne ya zuba wake lafiya lau bayan girbi, amma bayan 'yan watanni ya tarar ya huje, gari na zuba daga gindin buhu.

Mataki na biyu shi ne a yi ta tambayar "me ya sa?" har a kai ga tushe. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya koyar da ma'aikatansa su maimaita tambayar sau biyar. Me ya sa waken ya huje? Ƙwari ne suka ci. Daga ina suka zo? A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, su ɗauka daga ɗakin ajiya suka shiga, sai su share ɗaki su barbaɗa magani. Alhali tun a gona ƙwaron yake fara saka ƙwai a jikin kwanson wake, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin ƙwayar, ta ci ta girma a ɓoye, sannan cikin kusan wata guda ta huda ta fito a matsayin ƙwaro mai saka sababbin ƙwai. Wato da ɓarnar aka shigo daga gona. To, me ya sa suke ta yaɗuwa a cikin buhu? Saboda buhun da aka saba amfani da shi yana barin iska ta shiga, su kuma da ita suke rayuwa.

Daga nan sai a zaɓi sanadin da za a iya katsewa da kuɗi kaɗan. Hana ƙwaro shiga gona abu ne mai wuya, amma hana iska shiga buhu mai yiwuwa ne. A kan wannan ne Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya yi aiki da masu bincike na Kamaru a Marwa tun ƙarshen shekarun 1980, aikin da daga baya ya haifar da buhun PICS, wato leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa. Idan aka ɗaure, ƙwarin da kansu suke shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. A 2007 aka fara yaɗa buhun da tallafin Gidauniyar Gates.

Kada a amince da hasashe sai an gwada shi, kuma a ganina wannan ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A raba wake na girbi ɗaya gida biyu, a ajiye su rana ɗaya a ɗaki ɗaya, ɗaya a buhu mai toshe iska, ɗaya a na yau da kullum. Abu ɗaya tak ake canzawa, domin wanda ya toshe iska kuma ya ƙara magani ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba.

A ƙarshe, a nemi inda dabarar take gazawa, a rubuta wa mai saye ƙa'idojin amfani daga nan. Waken da bai bushe ba yakan yi fumfuna, hudar ɓera ɗaya za ta dawo da iska, haka ma yawan buɗewa. Shi ya sa ake umartar manomi ya shanya waken sosai, ya cika kowace leda da iska ya matsa don gano huda, ya ɗaure kowacce daban, sannan ya ɗora buhun a kan katako nesa da bango.