Yadda Iyali Za Su Gane Cutar Mantuwa Su Kuma Rage Haɗarinta

A gidaje da yawa a Kaduna, idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya tun safe har azahar, ko ya kasa gane hanyar gida daga masallacin da ya yi shekara da shekaru yana salla a cikinsa, sai a ce gigin tsufa ne, a ba juna haƙuri. Amma tsufa shi kaɗai ba ya kai mutum ga wannan hali. Cuta ce mai lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Cutar mantuwa iri-iri ce, wadda ta fi yawa ita ce cutar Alzheimer, mai ɗauke da sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906. Akwai kuma wadda ke biyo bayan toshewa ko fashewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, wadda a ganina ta fi cancantar damuwarmu, ganin yadda hawan jini ya yi yawa a cikinmu.

Abin farko shi ne a bambanta ta da mantuwar yau da kullum. Kowa yakan manta inda ya ajiye makulli, daga baya ya tuna. Abin lura shi ne mantuwar da ke hana mutum gudanar da abin da ya saba: ɗan kasuwar da ya tsufa a lissafi ya fara rikicewa wajen ba da canji, uwar da ta ƙware a girki ta bar tukunya a wuta har ta ƙone, ko mutum ya riƙa ruɗewa a yawan raka'o'in salla kullum. Sau da yawa hali ma yakan sauya, mai sanyin rai ya koma mai faɗa, yana zargin jikoki ko suruka da sace masa kuɗin da shi da kansa ya ɓoye. Kada a ruɗu don yana ba da labarin ƙuruciyarsa daki-daki, domin cutar takan fara cin sabon abu ta bar tsoho.

Idan an ga haka, a sami littafi a riƙa rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru, sannan a kai mutumin asibiti tare da wanda ya fi kowa zama da shi, a kuma tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, wurare ne da za a iya neman likita. Amfanin zuwa da wuri babba ne, saboda ƙarancin sinadarin bitamin B12, da matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa duk suna iya kama da wannan cuta, kuma suna da magani. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, musamman tare da zazzaɓi ko karkacewar baki, lamarin gaggawa ne da bai kamata a kwana da shi ba. Ita cutar Alzheimer har yanzu ba a samo abin da ke warkar da ita ba, sai dai magunguna kamar donepezil da ke sassauta alamun na wani lokaci.

Rigakafi tun kafin tsufa yake farawa. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda, idan aka magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, taba, giya, rashin motsa jiki, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici, da raunin ji ko gani da aka ƙyale. Saboda haka a riƙa gwada jini a kai a kai, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Mai hawa babur ya sa hular kwano, mai girki da itace ko gawayi ta nemi wurin da hayaƙi ke fita. Tsohon da ya fara cewa ba ya ji sosai a kai shi a duba kunnensa, domin wanda ba ya jin hira janyewa yake yi daga mutane.

A gida kuma, gardama da mai wannan cuta ba ta haifar da komai sai ɓacin rai. Idan ya tambayi wanda ya rasu, ba lallai ne a sabunta masa mutuwar ba; a ja shi da hirar mamacin har hankalinsa ya kwanta. A sa masa takarda mai sunansa da lambar wayar ɗansa a aljihu, a sanar da maƙwabta da limamin unguwa halin da yake ciki, a kau da ashana da magunguna daga inda hannunsa zai kai. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma ɗaure tsoho ko jifan tsohuwa da maita zalunci ne. Jinyar kan ɗauki shekaru, don haka 'ya'ya maza da mata su zauna su raba kwanaki da kuɗin magani tun daga farko, kada a bar wa suruka ko 'ya ɗaya nauyin dare da rana.