Yadda ake shirya sassan injin tsere kafin shafin DLC

DLC shafi ne na sinadarin kabon, baƙi wuluk, mai tauri da santsi, wanda ake yi wa sassan da suka fi shan gogayya a injin tsere: tafet (ƙarfen da kamshaf ke dannawa don buɗe bawul), fil ɗin fistan, ringi, da wani lokaci kamshaf. Kaurinsa maikuron 2 zuwa 3 ne kawai (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin mutum ya kai kusan 70. Saboda haka duk aikin yana kan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa.

Fara da taurin ƙarfen. A nemi HRC 58 zuwa sama a ma'aunin taurin ƙarfe. In ya gaza haka, kamshaf na dannawa sai ƙarfen ya lotsa, shafin ya tsage kamar ɓawon ƙwai, ɓarɓashinsa mai kaifi ya bi mai ya shiga ko'ina. Sannan ka tambayi kamfanin shafin zafin tukunyar da suke yin shafin a ciki. Yawanci yana kusa da digiri 200 a ma'aunin Celsius, kuma akwai ƙarafan da aka daidaita taurinsu a digiri 160 zuwa 180. Irin waɗannan, in aka zarce, laushi za su yi, girmansu ma ya ɗan canza.

Sai gugar fuska, inda aka fi yin sakaci. Shafin ba ya cike karce. Yadda ya tarar da fuska haka yake kwaikwayonta. A goge har Ra, wato ma'aunin kaushin fuska, ya sauka ƙasa da maikuron 0.05, ya zama kana ganin fuskarka a ciki. Fuska mai kaushi in ta sami DLC, ta zama zarto, ita za ta cinye abokin gogayyarta. Idan an yi wa ƙarfen ƙarin tauri da naitirojin, a kankare farin ɓawon da ke samansa, domin shafi ba ya kama shi da kyau. A cire maganaɗisu, a wanke ramukan mai tas, kada a taɓa da hannu tsirara.

Kar a manta da lissafin rata: maikuron 2 a kowane gefe, fil ya ƙaru da 4 ke nan.

Ba kowane wuri ya dace ba. Nau'in DLC mai haidurojin da ake kira a-C:H yana fara lalacewa wajen digiri 300 zuwa 350, don haka kan bawul ɗin hayaƙi ba wurinsa ba ne. Nau'in ta-C, marar haidurojin, ya fi tauri, amma yakan fito da ƙananan ƙuraje, dole a sake goge shi bayan shafi.

Man inji ma a duba shi. Sinadarin MoDTC da ake zubawa don rage gogayya yana saurin cinye a-C:H, kuma mutane da yawa sai su ɗora wa kamfanin shafi laifi.

Kafin a ɗaura, a nemi sakamakon gwajin Rockwell, na duba yadda shafin ya kama ƙarfe, a kan samfurin da aka shafa tare da kayan. Sakamakon yana zuwa a matakai shida: HF1 zuwa HF4 sun karɓu. HF5 ko HF6, a mayar musu da kayansu.